Aikin masu binciken ƙasa a duwatsun Riruwai: inda kuɗinka ke aiki da inda yake zubewa

Tun da kuza ta sake yin daraja a 'yan shekarun nan, ayarin masu binciken ƙasa suka yawaita a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Wasu daga Jos suke zuwa, wasu daga Kaduna, Zariya ko Kano. Suna bin ƙungiyoyin masu haƙa da masu zuba jari, suna cewa za su duba fili kafin a sa diga. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikinsu ne, ayarin mutum huɗu: masanin duwatsu ɗaya, mataimaka biyu da direba. Kayan aikinsu guduma, kamfas, na'urar GPS, akwatin awon lantarki da wayoyinsa, da na'urar hannu mai gwada ma'adini wadda masu haƙa ke kira bindiga. Abu huɗu suke sayarwa a dunƙule: zagayen fili da zana taswira, awon lantarki, haƙa ramukan gwaji da ɗibar samfur, sai rahoto a rubuce. Huda dutse da inji ba ya ciki, sai dai su haɗa ka da masu injin.

Hukuncinmu a kansu shi ne taswirarsu da ramukan gwajinsu aiki ne mai kyau ƙwarai, ya fi na yawancin takwarorinsu. Awon lantarkin kuwa ana sayar da shi fiye da ƙimarsa, bindigar ana amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba, rahoton kuma yana da giɓi biyu masu haɗari. Dalilin duk wannan yana cikin yadda dutsen Riruwai kansa ya samu, don haka daga nan ya kamata a fara.

Yawancin ƙasar Kano ta kudu da ta yamma tana zaune ne a kan tsohon dutse, wanda ya daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, wani ma ya girmi haka nesa. Shi ne falalen da ake gani a gonakin Rano da Tudun Wada, mai manyan ƙwayoyi, wani lokaci da zane-zanen fari da baƙi a murɗe. Duwatsun Riruwai ba sa cikin wannan zuriya. Su ƙannai ne, shekarunsu wajen miliyan 170, kuma danginsu ne suka yi jere tun daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka biyo ta Dutse da Birnin Kudu da Ningi, suka bi ta Jos har zuwa Afu kusa da Binuwai. Na arewa sun fi tsufa, ana yin kudu shekarun na raguwa. Kuzar ƙasar nan da kwalambait ɗinta, mafi yawansu daga wannan jere suka fito.

A Riruwai dutse mai aman wuta ne ya tashi tun farko, ya yi ta zubar da toka da narkakken dutse har cikinsa ya rarake, sai tsakiyarsa ta rufta kamar yadda rufin azara ke faɗawa cikin ɗaki ya bar bango a tsaye. Ta tsagar da ta kewaye wurin ruftawar wani narkakken dutse ya taso ya daskare, ya zama zobe mai faɗin fiye da kilomita 15 daga gefe zuwa gefe. A cikin zoben akwai tulin tokar da ta ƙame ta zama dutse mai laushin ƙwaya, ana kiransa rayolait. Daga baya giranit iri biyu suka kutso daga ƙasa. Ɗaya yana da baƙaƙen tsinkaye masu ɗan shuɗi a jikinsa, kuma a kwarin Kaffo wani reshensa yana ɗauke da ma'adinin fairokulo, mai niyobiyam da yuraniyam. Ɗayan, wanda ya zauna a tsakiya, giranit ne mai baƙin ɓawo mai sheƙi da ake kira bayotait. Wannan na tsakiyar shi ne uwar kuza.

Da giranit ɗin tsakiya ya huce sai ya tsage, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin ya cika su. Mafi girmansu ita ce babbar jijiyar Riruwai, mai tsawon kusan kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, wadda aka tabbatar ta nutsa fiye da mita 400, tana tsaye kusan cak da ɗan karkata zuwa kudu. Faɗinta 'yan mitoci ne kawai, kuma ba guda ɗaya ba ce miƙaƙƙiya, ƙananan jijiyoyi ne ke rabuwa suna sake haɗuwa. A cikinta akwai ƙanƙara, wato farin dutse mai tauri, da kuza, ma'adinin tutiya, wulfuram, kwalli mai darma da ɗan ma'adinin tagulla, kuma tutiyar ta fi kuzar yawa. Ita ce aka bi da haƙar ƙarƙashin ƙasa har zuwa shekarun 1980, lokacin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985 ayyuka irin wannan suka tsaya. Mutanen Riruwai kuwa sun san kuzar rafuka tun kafin zuwan Turawa, suna narkar da ita suna zuba ta sirara kamar tsinke ana kai wa kasuwar Kano.

Abin lura ga mai fili shi ne nan ba ƙasa ce mai shimfiɗa a kan shimfiɗa ba. Wanda ya saba da Gumel ko Haɗeja ko Malam Madori, inda yashi da yumɓu na kwarin Chadi suke kwance ɗaya bisa ɗaya, ya san in maƙwabcinsa ya sami ruwa a wani zurfi shi ma zai same shi kusa da haka. A Riruwai kana iya haƙa taku goma arewa da ramin da ke ba da kuza ka yi ta nutsawa cikin dutse fanko har ƙarfinka ya ƙare, domin abin da kake nema a tsaye yake, ba a kwance ba. Shimfiɗa ta gaskiya wuri biyu kawai take: a ruɓewar saman dutse, da kuma cikin kwarin rafuka.

Zagayen fili da taswira

A nan ayarin ya fi burge mu. Masanin nasu ba ya tsayawa a bakin hanya ya aika yara. Yana tafiya layi-layi daga arewa zuwa kudu, tazarar mita 50 tsakanin layuka, wato yana yanke hanyar jijiya ne maimakon ya bi ta, kuma duk dutsen da ya leƙo sai ya fasa shi ya duba sabon gefe. Wannan fasawar dole ce. Bayan dutse a Riruwai duk launi ɗaya ne saboda rana da ruwa, sai an buɗe cikinsa ake bambance rayolait da giranit, da kuma giranit mai ɓawo da mai tsinkaye.

Abin da yake nema yana da tsari, kuma yana nuna wa masu fili shi da hannu. Giranit lafiyayye fari ne mai ɗan ruwan hoda. Idan ana matsowa kusa da jijiya sai ya rine ya koma ja kamar jan bulo, ƙwayoyinsa su yi gautsi. Gaba kaɗan sai jan ya ba da wuri ga dutse mai ruwan toka zuwa kore-kore, cike da ƙananan ɓawo masu ƙyalli, wanda ake kira garaisin. A tsakiyar garaisin ɗin ne farar ƙanƙara take, wani wuri kaurin yatsa, wani wuri kaurin hannu, da ƙananan koguna a cikinta inda ƙwayoyin kuza baƙaƙe masu ruwan ƙasa suke maƙale. Daga nan a sake garaisin, a sake ja, a koma fari. Wanda ya koyi wannan jeri sau ɗaya ya sami abin da zai yi masa amfani har ya daina haƙa, domin ko jijiya ta ɓace masa a cikin rami, jan dutsen zai gaya masa ta wane gefe ta bi.

Wani dattijo mai rami ya kawo masa farar ƙanƙara cike da ƙyalli mai ruwan zinare, ya ce, "Injiniya, wannan fa?" Sai ya karce ta da wuƙa, ya goga a bayan faranti, ya nuna masa baƙin zane mai ɗan kore, ya ce, "Baba, wannan tagulla ce da ƙibiritu. Alama ce mai kyau cewa kana kan jijiya, amma in ta shiga buhunka mai saye zai rage maka kuɗi." Irin wannan amsa ake so daga masani, ba ta kashe gwiwa ba, ba ta kuma sa rai a banza ba.

Taswirar da suke bayarwa tana nuna iyakar kowane irin dutse, inda jijiya ta leƙo, inda ta dosa da yadda ta karkata, tsofaffin ramuka, rafuka da gonaki. Suna kuma bambance abin da suka gani da ido da abin da suka yi hasashe, na farko da cikakken layi, na biyu da ɗigo-ɗigo. Aibi ɗaya: ba sa rubuta wane ma'aunin wuri suka bi. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, GPS na waya kuwa a kan WGS84, kuma bambancin ya kai mita da dama, ya isa ya jefa raminka cikin filin wani. A sa su rubuta shi a ƙasan taswirar.

Awon lantarki

Ƙarfe huɗu ake kafawa a layi, biyu na waje su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na ciki su auna, ana ta buɗa na wajen har mita 100 kowane gefe. Wannan yana leƙa zurfin mita 30 zuwa 50. Yumɓu mai danshi yana barin lantarki ya wuce, sai a ga adadi ƙarami, ƙasa da 50. Ruɓaɓɓen dutse mai ruwa yakan ba da ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa. Giranit lafiyayye dubbai yake bayarwa. Iyakar abin da na'urar ta sani ke nan. Ba ta san kuza ba. Ƙwayoyin kuza 'yan kaɗan ne a warwatse cikin dutse, ba su isa su canza adadin ba, ma'adinin tutiya ma ba ya ɗaukar lantarki sosai. Bugu da ƙari, lissafin da ke juya waɗannan adadi zuwa zurfi ya ɗauka cewa ƙasar shimfiɗe take, abin da yake gaskiya a Haɗeja amma ba gaskiya ba ne a gangaren dutsen da jijiyoyi ke tsaye.

Ayarin suna yin awon da tsabta, har suna zuba ruwan gishiri a gindin ƙarafan idan ƙasa ta bushe don lantarki ya kama. Laifinsu a wajen talla yake. Suna kawo hoto mai launin ja da shuɗi su bar mai fili ya ɗauka jan nan ma'adini ne, alhali dutse ne mai tauri kawai. Wuri biyu awon yake da amfani a nan: a cikin kwari, don sanin kaurin ƙasar da za a kwashe kafin a kai tsakuwa da kuma inda tsohuwar hanyar rafi ta binne, sai neman inda za a sami ruwan wanki. Idan filinka a kan tudu yake, ka ce a cire shi daga lissafi a ƙara maka rami biyu da kuɗin.

Ramukan gwaji

A kan tudu dogon rami suke yankawa daga arewa zuwa kudu, faɗin mita 1, har sai an taɓa dutsen da bai gusa daga mazauninsa ba. A bangon ramin ana ganin shimfiɗun ruɓewa ƙarara. Sama baƙar ƙasar noma ce, ba ta fi kamu ɗaya ko biyu ba. Ƙarƙashinta jar ƙasa da marmara, inda marmarar ta samu. Sai yumɓu mai dabbare-dabbaren ja da fari. Sai ruɓaɓɓen dutse, wanda har yanzu yana da kamannin giranit, ana ganin ƙwayoyinsa, amma yatsa na marmasa shi. A ƙarshe dutse mai amsa guduma. Jijiyar ƙanƙara ba ta ruɓewa, don haka ana ganinta tsaye ta ratsa yumɓun da ruɓaɓɓen dutsen, sai dai a kan gangare kanta yakan sunkuya zuwa ƙasa saboda zamewar ƙasa. Masanin nasu ya san wannan, ba ya auna karkatar jijiya sai a gindin rami.

Ɗibar samfur suna yin ta yadda ya kamata. Suna share bangon, su shimfiɗa leda a ƙasa, su sassaƙa kwaroro mai faɗin santimita 10 da zurfin 3 a gicciyen jijiyar, kowane yanki bai wuce mita 1 ba. Ƙanƙara buhunta daban, garaisin daban, jan dutse daban. Ba sa yarda mai fili ya zaɓo musu dutse mai kyau ya sa a buhu, kuma a kan wannan sukan sami saɓani da masu neman takardar da za su nuna wa mai kuɗi. Gaskiyarsu ce. Dutsen da aka zaɓa da ido yana iya nuna ninki goma na abin da ramin zai bayar, wanda kuma ya zuba jari a kansa cinikin biri a sama ya yi.

Akwai wani abu da suke faɗa da baki amma ba ya shiga rahoto, alhali ya fi komai shafar aljihu. A saman jijiya ruwan sama da iska sun riga sun cinye ma'adinan ƙibiritu, tutiyar ta narke ta tafi, an bar kuza ita kaɗai cikin tsatsa. Shi ya sa mitocin farko suke da daɗin aiki, dutse mai taushi, kuza mai tsabta. Da an wuce inda ruwan ƙasa yake tsayawa sai dutse ya yi tauri, tutiya da kwalli da tagulla su bayyana. Kwalli nauyinsa ya kai ninki 7.5 na ruwa, kuza kusan 7, wulfuram ma haka, don haka wanki ba ya raba su, tare suke kwantawa a gindin ƙwarya. Tutiya kuwa, mai nauyin ninki 4, rabi ta tsaya rabi ta bi ruwa, ba a kama ta sosai sai da injin kumfa na masana'anta. Samfurin sama ba ya wakiltar abin da ke mita 20 ƙasa, kuma duk lissafin ribar da aka gina a kansa kaɗai zai ruɗe.

A cikin kwari aikin dabam ne. Rami mai mita 1 a kan mita 1 ake nutsawa, a wuce laka da yumɓu, a wuce yashi, a kai tsakuwar da ke kwance a kan dutse. Kuza mai nauyi ce, tana taruwa a ƙasan tsakuwar da cikin tsagogin dutsen da ke ƙarƙashinta, don haka kamu ɗaya na ƙarshe yakan fi duk abin da ke samansa. Rami da yawa a yankin nan an bar su saura ƙiris saboda ruwa ya ɓullo, aka ce babu komai. Ayarin suna zuwa da injin jan ruwa don wannan, suna kuma kankare saman dutsen da shebur. Awonsu da bokiti mai lita 20 ne: bokiti 50 cikin ramin mita ɗaya ne a tsawo da faɗi da zurfi, don haka in bokiti ɗaya ya ba da giram 10 na baƙin yashi, giram 500 ke nan a mita. Sai dai ƙasar da aka haƙo takan kumbura da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan yadda take a kwance, kuma suna gyara lissafin da wannan, abin da 'yan kaɗan ke tunawa.

Baƙin yashin nan ba duka ne kuza ba. Akwai ilmenait, zakon, monazait da kwalambait a ciki. Suna bi da maganaɗisu mai ƙarfi, wanda ke ɗauke ilmenait ya kuma ja kwalambait da wulfuram kaɗan-kaɗan, ya bar kuza domin ita ba ta amsa shi. Suna kuma yin tsohon gwajin nan mai arha: a ɗora ƙwayoyin a kan faifan tutiya, a ɗiga ruwan asid mai rauni, bayan 'yan mintoci duk ƙwayar da ta yi rigar toka mai haske kuza ce. Wannan gwaji ya fi bindigar gaskiya a hannun wanda bai ƙware ba.

Ita bindigar ba ƙarya take yi ba, tambayar da ake mata ce ba daidai ba. Tagarta ba ta kai santimita 1 ba, haskenta kuma 'yan milimita yake shiga. In ta dace da ƙwayar kuza sai ta nuna kashi 30, a gusa ta kaurin yatsa ta nuna sifili. Mataimakan suna ɗora ta a kan ɗanyen dutse a bakin rami, jama'a sun kewaye, a karanta babban adadi a yi ta murna. Hanyar da ta dace ita ce a busar da samfur, domin danshi yana rage adadi, a daka shi ya zama gari, a tankaɗe, a gauraya, a raba huɗu a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a zuba a kofi a auna sau uku na daƙiƙa 60. Ko an yi haka akwai inda take rikicewa, kuma duk wuraren rikicewar suna nan a Riruwai: alamar wulfuram tana maƙwabtaka da ta tutiya, ta tantalam da ta tagulla, ta darma da ta asenik. Litiyam kuwa ba ta ganinsa sam, duk wanda ya ce ya auna maka litiyam da ita ya yaudare ka. Sannan haske mai cutarwa take fitarwa, bai kamata a riƙe dutse a tafin hannu ana harba masa ba, kuma mun ga mataimakansu suna yi.

Rahoto

Shafukan bayanin duwatsu da taswira suna da kyau, hotunan bangon ramuka ma an sa musu ma'auni. Lissafin adadi a bayyane yake, kowa zai iya bi. Misalin yadda suke yi: jijiya mai tsawon mita 100, faɗin mita 1, zurfin mita 20, in an ninka su ta ba da mita 2,000, a ninka da 2.7, wato nauyin kowace mita ta dutse a tan, a sami tan 5,400 na dutse. In kuzar rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari, kilo 5 ke nan a kowane tan, jimla tan 27. Sun kuma rubuta cewa daka da wankin hannu ba sa kama wannan duka, domin ƙwayoyin da suka yi laushi sosai ruwa ke tafiya da su. Wannan gaskiya ce da ba kowa ke son rubutawa ba.

Giɓi na farko a sakamakon ɗakin gwaji yake. Suna kwafe adadin cikin rahotonsu ba tare da haɗa takardar ɗakin gwajin ta asali ba, ba su kuma faɗi hanyar da aka bi ba. Ga kuza wannan babban lamari ne, domin ba ta narkewa a ruwan asid ɗin da ake narkar da samfurin zinare ko tagulla. In aka bi waccan hanya, fili mai kyau zai fito kamar babu komai a cikinsa. Sai an narkar da garin da wuta tare da sinadarin burat ko ferokzaid, ko a matse shi a auna da babbar na'urar haske. Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, akwai kuma masu zaman kansu, ko'ina aka kai a rubuta a kan takarda cewa kuza ake nema. A cikin kowane samfur 20 a saka ɗaya da aka raba biyu da lamba daban, da ɗaya na farin yashi zalla. In tagwayen suka saɓa da yawa, ko yashin ya nuna kuza, sakamakon duka abin tuhuma ne. Ayarin ba sa yin haka sai an nema.

Giɓi na biyu ya fi damun mu: babu ko shafi ɗaya a kan lafiya, kuma rahoton da Turanci ne kaɗai alhali masu shiga ramin Hausa suke ji. Masanin da ya ga kwalli a jijiya wajibinsa ne ya rubuta cewa kada a daka wannan dutse a cikin gida, kada a yi amfani da turmin abinci, kada yara su zauna wurin. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, daga dakan dutse a tsakar gida ya taso. Ragowar baƙin yashi mai monazait, da duk abin da ya fito daga wajen Kaffo, yana fitar da haske mai cutarwa, bai dace da yaɓen ɗaki ko daɓe ba. Ƙurar ƙanƙara tana cin huhu a hankali, maganinta a jiƙa dutse kafin a fasa. Ruɓaɓɓen dutsen da ke tsaye kamar bango a watan Janairu shi ne ke zubowa a Agusta in ya sha ruwa, don haka duk ramin da ya wuce tsayin mutum yana son tokara ko a kwantar da bakinsa. Injin jan ruwa mai fetur a waje ake ajiye shi a zura tiyo, hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa a cikin loto, wato ramin ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa cike suke da ruwa, wanda ya huda cikinsu daga gefe ba zai sami lokacin fita ba. Tulin dutse mai ƙibiritu kuma in ruwan sama ya bi ta kansa tsami yake yi, ya gangara rafukan da ake shayar da shanu da ban-ruwan masara da rake, waɗanda daga cikinsu akwai masu zuba a Kogin Kano har madatsar Tiga. Masanin ya san duk wannan, in an tambaye shi yana bayani dalla-dalla. Rashin rubuta shi sakaci ne.

Game da izini ba su da matsala, suna tambayar takarda tun kafin su sauke kaya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, lasisi daga ofishin rajistar filayen ma'adinai na Abuja yake fitowa, na ƙananan masu haƙa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba na tsawon shekara 5, kuma sai da yardar mai gona a rubuce. Suna fara gaida dagaci da mai unguwa, suna biyan diyyar shukar da rami ya ci, suna mai da ƙasa in an gama. Masanin yana da rajista da COMEG, majalisar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista, lambarsa tana kan rahoton.

Lokacin kiransu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, an girbe masara, ciyawa ta kwanta, duwatsu sun fito, rafuka kuma ba su ƙafe ba tukuna, akwai ruwan wanki. Kuɗi a biya kashi-kashi: na taswira tukuna, sai an ga taswirar a yanke shawarar inda za a yi rami da nawa. Rabin kowane samfur ya zauna a hannun mai fili da lambarsa a jiki.

Wanda sakamakon ramukansa ya yi kyau har yana tunanin kiran injin huda, ya sa wannan masanin ya tsaya a kan aikin, kada ya bar wa mai inji. Masu injin rijiyar burtsatse a miƙe suke hudawa, kuma rami miƙaƙƙe a gefen jijiyar da ke tsaye zai iya nutsawa mita 100 bai taɓa ta ba, ko ya faɗa cikinta ya bi ta har ƙasa a ɗauka kaurinta ke nan. Tun da jijiyar kudu ta karkata, injin a kudancinta ake kafa shi ya fuskanci arewa, a kwance da digiri 45 zuwa 60, da baki mai fitar da sandar dutse mai kaurin milimita 47.6 ko 63.5. Tsawon da aka gani a sandar ba shi ne faɗin jijiya ba: a digiri 60, mita 2 a sanda kusan mita 1 ce a ƙasa. A jera sandunan a akwati bisa tsari da zurfin kowanne a rubuce, a auna nawa aka samu nawa ya ɓace, domin garaisin mai taushi shi ne ke marmashewa ya bi ruwan injin, kuma a cikinsa kuzar take. A tsaga sandar biyu a tsaye da zarto, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi ya zauna a akwati a ɗaki mai rufi.